Za su dawo da tsohon tsarin kuwa?

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin ce manhajar da kike hawa ta canza fasali bayan kin sabunta ta, komai ya bar inda kika san shi, duk inda kika leƙa mutane sai zagi suke a kwamen, kina tambaya ko kamfanin zai ji kukan jama'a ya dawo da tsohon tsari ko dai ki goge ta ki huta. To ni dai na daɗe ina kula wa mutane da shafukansu kuma na ga irin wannan hayaniyar ba sau ɗaya ba, gaskiyar magana yawanci ba sa dawowa da shi, amma ya danganta da abin da suka taɓa.

Canjin nan kala biyu ne a yadda na lura. Akwai wanda fenti ne kawai da matsar da maballi, a ɗauke wannan daga sama a kai shi ƙasa, a canza tambari, a canza kalar rubutu. Wannan duk ihun da za a yi ba ya wuce ɗan lokaci, saboda ba ido ne ke jin haushin ba, yatsa ne, ya saba zuwa wuri ɗaya ba tare da kin yi tunani ba, kamar a shigo ɗakinki a juya miki kaya ki tashi cikin duhu kina karo da kujera. Da yatsan ya koyi sabon wurin shikenan magana ta mutu. A 2015 Twitter ta cire tauraron da ake dannawa in an so fostin ta sa zuciya, mutane suka yi ta kumfar baki, a 2016 Instagram ta jefar da tambarinta na tsohuwar kyamara ta kawo mai launuka, aka ce ai yaro ne ya zana, yau wa yake ma tuna tsohon? Sabo turken wawa dai.

Babban misali ma Facebook ne a 2006 lokacin da suka fito da News Feed. Kafin nan sai ka shiga shafin mutum kafin ka ga abin da ya sa, kwatsam sai ga komai na kowa a jere a gabanka, ɗalibai suka ce wannan tonon asiri ne, cikin ƴan kwanaki dubban ɗaruruwa suka shiga guruf ɗin adawa da shi. Abin dariyar shi ne ta cikin News Feed ɗin da suke zagi ne labarin guruf ɗin ya bazu. Mark Zuckerberg, shugaban Facebook ɗin, ya ba da haƙuri ya ƙara setin na sirri, amma bai cire shi ba, ga shi har yau shi muke murzawa.

Kala na biyu shi ne mai haɗari, wanda ya taɓa ainihin abin da ya kawo ki manhajar. A nan ne kamfani ke shan wuya. Snapchat a farkon 2018 ta raba sitorin abokai da na shahararrun mutane da kafofin labarai, ta cusa na abokan cikin wurin hira, mutum ya rasa inda zai ga na wanda yake nema. Sama da mutum miliyan 1 suka sa hannu a takardar koke, da farko kamfanin ya yi kunnen uwar shegu ya ce za ku saba, sai Kylie Jenner, wata shahararriyar tauraruwar Amurka, ta rubuta cewa ita ta daina buɗe manhajar, a rana guda darajar kamfanin ta faɗi da sama da dala biliyan 1. Daga baya masu shiga kullum suka ragu daga miliyan 191 zuwa 188, sai ga shi sun gyara wani ɓangare. Digg kuwa, wani shafi da membobi ke tura labarai suna zaɓar waɗanda suka fi so, a 2010 ko damar gyaran ba ta samu ba, ta canza tsari ta fifita manyan kafofi a kan membobinta, mutane suka tattara suka koma kishiyarta Reddit.

Kin ga su ba kwamen suke dubawa ba, lambobi suke dubawa, minti nawa kika yi a ciki, sau nawa kika buɗe, talla nawa ta wuce ta gabanki. In kina zagi kina kuma murza sikirin awa uku to a lissafinsu sabon tsarin ya karɓu. Kuma ko sun ja da baya ma kar ki yi saurin murna, a Yulin 2022 Instagram ta gwada cike sikirin da bidiyo irin na TikTok, aka yi caa a kansu, shugaban Instagram ɗin Adam Mosseri ya fito ya ce sun dakatar da gwajin kuma za su rage fostin ɗin waɗanda ba ki bi ba na ɗan lokaci, to yanzu ki buɗe ki gani ko bidiyon ya ragu. A hankali suka dawo da shi.

Wanda na san an dawo da shi da sauri shi ne na WhatsApp a 2017, da suka cire istatus na rubutu suka sa na hoto, cikin kusan wata guda suka mayar da na rubutun, shi ma don bai hana su komai ba ne, duka biyun suka bari.

Maganar da kika yi cewa wayar ƙawarki ba ta canza ba, ba matsalar wayarki ba ce, haka suke yi, su ba wasu sabon su bar wasu da tsohon su gwada, wani lokaci ma canjin daga can wajensu yake ko ba ki sabunta ba zai zo.

Shawarata ki ba shi kamar sati biyu. In bayan nan haushin da ya rage na neman maballi ne kawai to zai wuce. In kuma kin lura kin daina ganin fostin ɗin ƴan'uwa da ƙawaye sai na baƙi da talla, ki duba setin tukuna, da yawansu suna da wurin da za ki zaɓi ganin waɗanda kike bi kawai, sai dai suna ɓoye shi. Ki aika koke ta cikin manhajar ki faɗi takamaiman abin da ya lalace, ya fi ki rubuta "ku dawo mana da tsohon" kawai. Don Allah kuma kar ki bi masu turo linkin wai tsohon samfuri, na ga waɗanda aka sace wa akawun ta haka, kuma ko na gaskiyar ne bayan ɗan lokaci zai ƙi buɗewa sai kin sabunta. In kin yanke shawarar tafiya ki fara sauke hotunanki da lambobin mutanenki kafin ki goge akawun ɗin.