Jinkirta barbara don a tsawaita tatsa: wace saniya ce ta dace da shi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka. Ka ce lokacin hutun shanunka, wato lokacin da ake daina tatsarsu kafin su sake haihuwa, yana yi alhali wasu na ba da lita 25 a rana, kana ganin ɓarna ce a ƙafar da su a haka, shi ne kake tunanin jinkirta barbara don tatsa ta zarce wata goma, amma kana tsoron kada lissafi ya juye maka. Na daɗe ina yin wannan a garkena, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani, in haɗa da abin da masu bincike suka samu.

Za a iya, kuma akwai alheri a ciki. Sai dai ba hukunci ba ne da ake yanke wa garke gaba ɗaya. Saniya ɗaya-ɗaya ake dubawa, domin ba a taru an zama ɗaya ba. Wata za ka ba ta ƙarin wata huɗu ta biya ka da nono, wata kuwa ƙiba kawai za ta yi tana cin abincinka.

Tsarin da muka gada shi ne kwana 305 na tatsa, kwana 60 na hutu, ɗa ɗaya kowace shekara. Cikin saniya kwana 280 ne, ko ya ɗan ɗara. In ka cire wannan daga 365, saura 85. Ma'ana dole ta ɗauki ciki kafin ta cika kwana 85 da haihuwa, shi ya sa ake fara barbara tun kwana 50 zuwa 60. To a nan gizo ke saƙar. Nono yana kai ƙololuwarsa ne tsakanin mako 4 zuwa 8 bayan haihuwa, amma cin abincin saniya ba ya kai nasa ƙarfin sai wajen mako 10 zuwa 14. A tsakanin nan abin da take fitarwa ya fi abin da take ci, sai ta koma narkar da kitsen jikinta don cike giɓin. Ka je ka tsaya bayan saniyarka mafi yawan nono a wata na biyu, ka ɗora hannu a ƙugunta. Za ka ji ƙashi ya fito tsirara, ramin gindin wutsiya ya zurma, haƙarƙari kuwa daga nesa ma ana ƙirga su. A wannan hali ne muke cewa ta ɗauki ciki. Jikinta yakan ƙi. Wata ba ta nuna alamar neman sa ko kaɗan, wata ta nuna a ɓoye cikin dare, wata a yi mata barbara ta dawo bayan kwana 21, a sake ta sake dawowa. An tsara dokar shekara ɗaya ne tun zamanin da shanu ba sa ba da rabin abin da Holstein, saniyar Turai mai yawan nono, take bayarwa a yau, kuma mun ci gaba da bin ta ba tare da mun sake tambayar kanmu ba.

Abin da ya fi jan hankalina zuwa ga tsawaita tatsa ba ma nono ba ne, haihuwar ce kanta. Duk wanda ya riƙe shanun madara ya san inda ake rasa saniya. Likitocin dabbobi na ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan saniyar madara a watan farko bayan haihuwa suke aukuwa: faɗuwa saboda ƙarancin kalsiyam a jini, maƙalewar mabiyiya, ruɓar mahaifa, ciwon kitosis da ke biyo bayan narkewar kitse da yawa, gocewar tumbi na huɗu daga mazauninsa, ga kuma ciwon hantsa. Kowace haihuwa sai saniya ta ratsa ta wannan siraɗi. In kana tazarar wata 12, a shekara uku sau uku za ta ratsa. In ka mai da tazarar wata 18, sau biyu ne. Kwanakin hutu ma haka: 180 a tsarin farko, 120 a na biyu, kuma kwanakin hutu ci ne ba tatsa. Abin da ka bayar a madadin haka shi ne ƙololuwar nono guda ɗaya da ɗan maraƙi guda ɗaya. Duk lissafin yana kan wannan musaya ne.

Wanda zai gaya maka ko musayar ta yi riba shi ne yadda saniyar take riƙe nononta bayan ta wuce ƙololuwa. Mutane sun fi kallon wadda ta fi cika bokiti a wata na biyu, amma ba ita ake nema ba a nan. Wadda ba ta saurin sauka ake nema. Bari in ba ka misalin lissafi. Babbar saniya ta kai lita 40, tana raguwa da kashi 10 cikin ɗari kowane wata. Bayan wata goma da ƙololuwa tana wajen lita 14, bayan wata goma sha huɗu tana wajen 9. Karsana mai haihuwar fari ta kai lita 30 kawai, amma tana raguwa da kashi 5. Bayan wata goma tana lita 18, bayan goma sha huɗu tana kusan 15. Ka ga wadda aka raina da farko ita ce ke riƙe da kai a ƙarshe. Wannan ɗabi'a ce sananniya ta masu haihuwar fari, nononsu ba ya hawa sosai kuma ba ya saurin sauka. Ga shi kuma jikinsu bai gama girma ba, suna tatsa suna gina ƙashi da tsoka. A wurina karsana ita ce ta fi kowa cancantar a ɗaga mata ƙafa.

Bincike ya zo daidai da haka. A jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan an raba shanu gida uku, wasu aka fara musu barbara a kwana 50 bayan haihuwa, wasu 125, wasu 200. Masu haihuwar fari, ko da aka jira kwana 200, matsakaicin nonon da suke bayarwa a kowace rana tsakanin haihuwa da haihuwa bai ragu ba. Manyan shanu sun jure har kwana 125 ba tare da asara ba, amma waɗanda aka kai 200 nononsu ya ragu, kuma sun yi ƙiba fiye da sauran a lokacin hutu. A Jamus an gwada kwana 40, 120 da 180 a wani garke mai yawan nono, aka ga waɗanda aka jinkirta wa sun fi nuna alamar neman sa kuma sun fi ɗaukar ciki a barbarar farko. A Ostareliya, inda shanu ke dogaro da kiwon ciyawa, an gwada tatsa har ta wata 22, kuma can ma abin da ya fito shi ne shanu sun bambanta ƙwarai, wasu suna kaiwa, wasu suna ƙafewa da kansu tun kafin lokaci. Ka lura da ma'aunin da suke amfani da shi, don shi ya kamata kai ma ka ɗauka: ka tara duk nonon da saniya ta bayar, ka raba da yawan kwanakin da ke tsakanin haihuwa biyu, har da kwanakin hutu. Adadin kwana 305 ba zai nuna maka gaskiya a wannan tsari ba.

Akwai wani abu da ke taimaka wa wadda aka jinkirta wa, wato ciki da kansa yana danne nono, musamman daga wata na biyar. In aka ɗage ɗaukar cikin, an ɗage wannan dannewar. Sannan nonon ƙarshen tatsa ya fi kauri, mai da furotin sun fi yawa a cikinsa, don haka in mai sayen madararka yana biya ne bisa inganci, ragin lita ba ya zama ragin kuɗi daidai wa daida.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da kyau. Ƙiba. Saniyar da nononta ya sauka amma ake ci gaba da zuba mata abinci mai ƙarfi irin na farkon tatsa, abincin ba hantsa yake zuwa ba, baya yake zuwa. Za ka ga ramin gindin wutsiya ya cike ya yi tudu, ƙashin ƙugu ya nutse, in ka danna haƙarƙari sai ka ji laushi kamar matashin kai. Ido yana son ganin haka, baƙo ma zai yaba maka. Amma wannan saniya ita ce za ta ba ka wahala a haihuwa mai zuwa: ba za ta ci abinci sosai ba bayan ta haihu, kitse zai taru a hantarta, kitosis ya biyo baya. Kenan abin da ka gudu ta ƙofar gaba ya shigo ta baya. A ma'aunin jiki na maki 1 zuwa 5, ana so ta haihu tana wajen 3 zuwa 3.25, in ta haura 3.5 an shiga haɗari. Kuma ba a lokacin hutu ake rage wa saniya ƙiba ba, tun tana tatsa ake tare abin. Don haka in ba ka da halin ware masu ƙarshen tatsa ka ba su abinci daban, ko ka auna wa kowace nata gwargwadon nononta, ka yi hattara da tsawaita wa manyan shanu. Ni duk wata nake bin su da hannu, ba da ido kaɗai ba, don gashi yana ɓoye abubuwa da yawa.

Batun lita 25 da ka ambata, damuwarka tana kan hanya. Ƙafar da saniya tana irin wannan nono ba asarar madara kaɗai ba ce. Hantsa tana kumbura, nono yana ɗiga, bakin kan nono ba ya rufewa da wuri, ƙwayoyin cuta su sami hanya. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a saukar da ita zuwa lita 15 ko ƙasa kafin a daina tatsa. Wadda aka tsawaita wa takan iso wurin da kanta ba tare da an takura mata da yunwa ba. Amma waɗanda suke da ciki yanzu, alƙalami ya riga ya bushe, kada ka cinye musu kwanakin hutu don kwaɗayin nono. Ka rage musu abinci mai ƙarfi na mako ɗaya ko biyu, ka rage yawan tatsa, sannan ka ƙafar da su a kan lokaci. Jinkirin sai a zagaye na gaba.

Maraƙa za su ragu, wannan babu makawa. In sayar da maraƙa yana cikin abin da ke riƙe gonarka, ko kana son garke ya yaɗu da sauri, ka sa shi a lissafi. In kuwa karsanan maye gurbi kawai kake buƙata, maniyyin sa da aka tace jinsinsa don barbarar hannu yana ba da mace kusan tara cikin goma, sai ka yi amfani da shi a kan zaɓaɓɓun shanunka.

Yadda nake yi shi ne, ba na yanke shawara ranar haihuwa, kuma ba na bari sai abin ya yanke kansa. Wajen kwana 50 zuwa 60 bayan haihuwa nake duba littafin da nake rubuta bayanan shanu. In karsana ce mai lafiya da nono mai kyau, tana cikin waɗanda za a jira. In babba ce, sai in duba tatsarta ta bara: ta riƙe nono har ƙarshe ko ta zube bayan wata biyar? Tana saurin ƙiba? Hantsarta lafiya? Wadda ke fama da ciwon hantsa a kai a kai ba na tsawaita mata, domin hutu ne lokacin da hantsa ta fi samun damar warkewa. Wadda nononta ke ƙasa da matsakaicin garke, da wuri nake mata barbara. Wadda ta rame ƙwarai kuwa ko ba don lissafin nono ba ina ba ta lokaci ta mayar da jiki.

In kana son tazarar wata 15, kwana 455 kenan, cire 280, ciki ya kamata ya shiga wajen kwana 175. To ka fara barbara tun kwana 130 zuwa 140, don ka bar wa kanka zagaye biyu na kwana 21 in ta farko ba ta kama ba. Wanda ya fara a kwana 175 yana zaton nan take za ta ɗauka, shi ne ke wayar gari da tazarar wata 18 ba da niyya ba. Kuma duk tsawon jiran kada ka daina rubuta ranakun da ta nemi sa. Ka ga ta tsaya cak wata ta hau ta, ko farin yauƙi na ɗiga, ka rubuta ko da ba za ka yi mata komai ba. Wannan rubutu ne zai nuna maka mahaifarta na aiki, kuma ranar da ka shirya ba za ka yi lalube ba. In kwana 60 suka wuce da haihuwa ba ka ga ko alama ɗaya ba, ka kira likita ya duba, kada ka fake da cewa ai dama jira kake yi.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurina, don na sha jin mutum ya ce yana tsawaita tatsa, in ka duba littafinsa sai ka tarar shanun ne suka ƙi ɗaukar ciki. Wannan matsalar haihuwa ce, magani take nema. Haka kuma duk abin da na faɗa a kan shanu masu yawan nono ne irin su Holstein da Jersey da ruwa-biyunsu masu kyau, waɗanda ake ciyarwa sosai. Shanu masu tozo galibi tatsarsu gajera ce, sukan ƙafe da kansu kafin wata goma, kuma dama tazarar haihuwarsu tana da tsawo. In ka jinkirta musu, kwanakin zama babu nono kawai ka ƙara.

Ka fara da karsana kaɗan da manya biyu ko uku da ka yarda da riƙonsu, ka tsayar da jinkirin barbarar a kwana 120 zuwa 140 tukuna, ka riƙa auna nonon kowace aƙalla sau ɗaya a mako. In ka kawo adadin nonon waɗannan shanu naka a wata na biyu, na biyar da na takwas, tare da haihuwa ta nawa kowace take, sai mu duba tare mu ga waɗanda suka cancanta. Allah ya sa albarka a garken.