Yadda "Wannabe" ta ɗaga Spice Girls

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya ƴan mata biyar da ba wanda ya sani suka mamaye duniya da waƙa ɗaya tal. To, kamfanin Virgin ne ya saki "Wannabe" a Birtaniya a watan Yulin 1996. Ta fara shiga jerin waƙoƙin da aka fi saye a matsayi na uku, mako na gaba ta haye ta ɗaya, ta kuma yi kane-kane har mako bakwai. A Amurka sai farkon 1997 ta isa, inda ta riƙe saman Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a can, mako huɗu.

Ni dai a ganina bidiyon ne ya share mata hanya tun kafin faifan ya shiga kasuwa. An ɗauke shi a tsohon otal ɗin St Pancras na Landan, sun faɗa cikin taron manya suna tsalle, suna hawa tebur, kyamara na bin su kamar ba a yanka ba. Lokacin kuwa ƙungiyoyin samari ne ke cin kasuwa, yara mata ba su da nasu. Kuma amshin ba ya wuyar kamawa, ko Turanci ba ka ji sai ka tsinci bakinka yana bi.