Kuɗin Cefane Ba Sa Kai Ni Ƙarshen Wata

Tambaya: Ni matar aure ce a Aboabo, Kumasi. Maigidana yana ba ni kuɗin cefane a farkon wata, amma kafin mako na uku sun ƙare. Ina mafita?

Amsa: Malama, ranar da kuɗin suka shigo hannunki, kafin ki taɓa ko sidi ɗaya, ki ware na katin wutar lantarki da na motar yara zuwa makaranta, sauran kuma ki kasa su kashi huɗu, kowane mako da nasa.

Inda kuɗi suka fi zurarewa shi ne sayen kaɗan-kaɗan a bakin titi, domin shinkafar da ake auna miki a ƙaramin gwangwani kullum ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ki haɗa hannu da maƙwabciyar da kika amince da ita, ku sayi buhun shinkafa da galan na mai a kasuwar Kejetia, ku raba.

Idan kina zuba susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum a hannun mai zagayawa yana karɓa, ki tuna mai karɓa yakan riƙe zubin kwana ɗaya duk wata a matsayin ladarsa. Na fi son ki shiga adashi da matan da kika sani sosai.