Ina Zuwa Sujada Tun Ina Yarinya, Amma Zafin Zuciya Bai Bar Ni Ba

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. A gidan Kirista aka haife ni, na yi baftisma tun ina budurwa, ina cikin Zumuntar Mata, ba na fasa sujada. Amma zuciya gare ni. Lahadin da ta wuce na dawo daga majami'a, zanen Zumunta yana jikina, na tarar 'yata ta ƙona miya, na yi mata zagin da ni kaina na ji kunyarsa. Kullum ana wa'azi cewa kusanci da Allah yana canja mutum. Me ya sa ni ban canja ba? Ko dai ban sami ceto ba ne?

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin na san ita ce ke hana ki barci. Ceton mutum ya rataya ne a kan aikin da Yesu Almasihu ya gama a kan gicciye. Afisawa 2:8-9 ta faɗa ƙarara cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba saboda ayyukanmu ba. In kin dogara gare shi, ke tasa ce. Kunyar nan da ta kama ki bayan zagin ma aikin Ruhu Mai Tsarki ce, domin zuciyar da ta ƙeƙashe ba ta damuwa da abin da baki ya furta.

Saura batun canjin hali, wanda a nan nake so mu daɗe.

Da yawa daga cikinmu mun saba da hidimar Ubangiji fiye da yadda muka saba da shi kansa. Akwai koyon waƙa, akwai girkin taro, akwai gaisuwar mutuwa da ziyarar asibiti, duka kuwa ayyuka ne masu kyau. Amma dubi Marta a Luka 10:38-42. Yesu ne a cikin gidanta, dominsa take ɗawainiya, duk da haka ranta ya ɓaci har ta zo tana yi masa ƙorafi a kan 'yar'uwarta Maryamu. Yesu bai raina girkinta ba. Ya nuna mata cewa Maryamu, wadda ta zauna tana sauraronsa, ta zaɓi rabo mai kyau. Mace tana iya yini a harabar majami'a ba ta yi minti goma ita da Allah su kaɗai ba.

A Yahaya 15 Yesu ya ce shi ne itacen inabi, mu ne rassa, reshe kuma ba ya iya yin 'ya'ya sai yana manne da itacen. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mangwaro aure ya san wannan. Akan yanko reshe a tsaga, a haɗa shi da gindin wani, a ɗaure tam da leda, sai a jira. Mai lambu ba ya kwance ɗaurin kowace safiya don ya duba. Idan haɗin ya kama, ruwan gindin ne ke hawa ya ciyar da reshen. Shi ya sa Galatiyawa 5:22-23 ta kira ƙauna, haƙuri, tawali'u da kamunkai albarkar Ruhu. Alkawarin da kika sha yi wa kanki cewa daga yau ba za ki ƙara zagi ba yana karyewa ne domin ƙarfinki kaɗai kike sa masa.

Canjin kuma yakan ɗauki lokaci. Manzo Yahaya, wanda muka sani da wa'azin ƙauna, shi da ɗan'uwansa Yakubu ne Yesu ya yi wa laƙabi da 'ya'yan tsawa a Markus 3:17. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, su biyun ne suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye garin, Yesu ya tsawata musu (Luka 9:54-55). Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, za ki ga wannan Yahaya ya koma Samariya tare da Bitrus yana ɗora wa mutanenta hannu don su karɓi Ruhu Mai Tsarki, a hanyar dawowa kuma suna wa'azi a ƙauyukansu. Zama da Yesu ne ya yi masa haka, ana gyara shi kaɗan-kaɗan.

To, ga abin da nake so ki fara. Da asuba, kafin ki hura wuta, ki keɓe kanki yadda Matiyu 6:6 ta koyar. Ki ɗauki Bisharar Yahaya, ki karanta ayoyi kaɗan a hankali. Mun yi sa'a, cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu ma ana iya sauraronsa a waya in ido ya gaji. Sa'an nan ki yi addu'a da maganar bakinki. Mun iya cewa "ka gafarta mana zunubanmu" a dunƙule mu wuce, wannan kuwa ba ya taɓa zuciya. Ki ce, "Ya Uba, jiya na kira 'yata da sunan da bai dace ba. Gajiya ce da tunanin kuɗin makaranta suka cika ni, na sauke a kanta." Ki kira sunan yarinyar, ki sa mata albarka a gaban Allah. Da wuya bakin da ya sa wa mutum albarka da safe ya sake shi da zagi da rana ba tare da zuciya ta tsaya ba, wannan ɗan tsayawar kuma ita ce farkon canji.

Abu na biyu ya fi nauyi. Ki kira 'yarki ki ce mata ta yi haƙuri. Na san a wurinmu babba ba ya ba yaro haƙuri, amma Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 mai kawo baiko, wato kyauta ga Allah, ya bar shi a gaban bagade ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Bai ware 'ya'yan cikinmu ba. Ba za ki rasa girmanki ba, ita kuma za ta ga bishara da idonta a cikin ɗakin uwarta.

Kada kuma ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Yakubu 5:16 ta ce mu riƙa bayyana wa juna laifofinmu muna yi wa juna addu'a. Iyayenmu da suka ga zamanin shirin wa'azin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 suna tuna yadda mutane kaɗan-kaɗan ke haɗuwa a gidaje don addu'a. Ki nemi dattijuwa ɗaya a Zumunta, mai riƙon asiri, ku riƙa haɗuwa kowane mako tana tambayarki yadda gida yake.

In kuma fushin yana zuwa da rashin barci, ciwon kai ko bugun zuciya, ki je asibiti a auna jininki, domin jiki ma yana da nasa rabo a wannan magana. Idan kuwa ya taɓa kai ki ga dukan da ya ji wa yaro ciwo, kada ki jira, ki sami fastonki da matarsa cikin makon nan ku zauna.