Faifan birkin keke: 160, 180 ko 203?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Tawa nike rubuto muku. Na sayi VTT, wato keken hawan duwatsu, na hannu mai taya inci 29, ina hawa da shi wajajen Keita inda akwai gangare mai tsawo da duwatsu, in na fara sauka birkin shina kamawa lafiya lau amma kafin in kai ƙasa sai ya saki, faifan ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Faifan gaba da na baya duk milimita 160 ne, nauyina kilo 90. Mai gyara ya ce in sa 203 duka biyu in huta, ko mi kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zafi ne ke cin birkinka, ba lalacewa ya yi ba. Faifai mai milimita 160 ƙarami ne ga mutum mai kilo 90 a kan taya 29, don babbar taya ta fi ta 26 wuyar tsayarwa, ga gangaren Adar ga ranar Tawa, ƙarfen bai samun sararin hucewa sai plaket ɗin, wato abin da ke matse faifan, ya koma santsi. Babban faifai ya fi ƙarfin kamu kuma ya fi saurin zubar da zafi, daga 160 zuwa 180 kawai za ka ƙara ƙarfin kamun da wajen kashi 12 cikin 100.

Amma 203 gaba da baya ni ban yarda ba gaskiya. Sa 180 a gaba ka bar 160 ɗinka a baya, tunda gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aiki in kana gangarowa. Na baya in ya yi ƙarfi da yawa, a kan yashi da tsakuwa irin namu tayar za ta kulle ne kawai tana jan ƙasa, ba tsayawa za ka yi ba, kuma babban faifai ya fi saurin lanƙwashewa in dutse ya buge shi ko an ɗora keken a bayan mota an danne shi da kaya. In ka gwada ka ga har yanzu yana saki, sai ka mai da na baya 180 shi ma.

Abin da ya fi damuna shi ne furshin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Kowane furshi akwai iyakar faifan da aka yi shi ya ɗauka, da yawa masu araha a 180 suke tsayawa, wuce wannan kasada ce da ranka, don Allah duba kafin ka sayi komi. Sannan kana buƙatar ɗan ƙarfen nan da ke ɗaga kan birkin ya daidaita da sabon faifai, a sayo su tare. Ka lura ko faifanka mai ƙusa 6 ne ko Center Lock irin na kamfanin Shimano, wanda ake ɗaurewa da zobe guda a tsakiya, ba sa shiga wurin juna kai tsaye, kuma galibi Shimano 203 yake yi, kamfanin SRAM 200, ƙarfen ɗagawarsu ba ɗaya ba ne.

In na hannu za ka samo a Katako a Yamai, a auna kaurin: na Shimano sabo milimita 1.8 ne, in ya kai 1.5 ya ƙare. Sa sabon plaket, kar mai ya taɓa faifan ko ɗigo, kuma a gangare ka riƙa matsa birki kana saki, kar ka riƙe shi tun daga sama har ƙasa.