Ƙungiyoyi huɗu a unguwa ɗaya: ta ina za a fara haɗa su?

Tambaya: Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata a Garin Malam, nan Damagaram. Ƙungiyoyin agaji huɗu ke aiki a unguwarmu: ta tamowa, ta marayu, mai raba gidan sauro, da mai ba mata jari. Kowace da nata rajista. Wani gidan an rubuta shi sau uku, wani ko leƙawa ba a yi ba. Yaya za mu haɗa kansu?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Shawarata, kada ki kafa sabon kwamiti. Mahaɗar tana nan tuni, ita ce likitar unguwarku, wato CSI. A tsarin Nijar kowace CSI tana da yankin da take kula da shi, da majo, wato shugaban likitar, da kwamitin gudanarwa da ake kira COGES wanda 'yan unguwa ke ciki, kuma rahotonta na wata-wata yana zuwa gundumar lafiya. Ƙungiya kuwa, ranar da kuɗin aikinta ya ƙare za ta naɗe tabarmarta. Don haka ki sami majo da mai unguwa, su su kira taron. Gayyatarsu ta fi taki nauyi a wurin ƙungiyoyin.

A zaman farko kowa ya zo da rajistarsa, a zana unguwar lungu-lungu a takarda ɗaya. Ungozoma da liman da samarin fada sun san gidan da bazawara ke riƙe da yara biyar, wanda babu shi a takardar kowa. Amma sunan cutar mutum ya tsaya a likita, ba a karanta shi a taro.

Inda na fi so ki sa ido shi ne abin da ke faruwa bayan an ce wa uwa "je ki likita". A ce an auna damtsen yaro, zaren awo ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5. Wannan tamowa ce mai tsanani. In yana cin abinci, a CSI za a riƙa ba shi Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na maganin tamowa, kowane mako. In ya ƙi ci, ko kumburi ya yi yawa, ko wata cuta ta haɗu, sai kwanciya a CRENI, sashen asibiti da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne, sai dai kyautar ba ta biyan kabu-kabu, ba ta tsare sauran yaran gida, ba ta bin layin famfo, kuma kin san yadda ruwa yake a Zinder. Nan ne uwa ke fasa tafiya, nan ne kuma ƙungiyar marayu da ta jari ke da aikin yi. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a Maradi a 1991, yana iya ware ɗan kuɗin gaggawa don mota. A yi takardar turawa guda biyu, ɗaya a hannun uwa, ɗaya wurin wanda ya tura, shi kuma ya koma gidan cikin mako ya tambaya ko an je. Ku kuma koya wa iyaye mata awon da kansu. Ƙungiyoyin kiwon lafiya BEFEN da ALIMA sun gwada haka a Mirriya, matan sun iya.

Akwai batun alawus na 'yan sa-kai masu shiga gida-gida. In wannan ƙungiya ta fi waccan biya, duk za su karkata can, aikin ɗayar ya kwanta. A daidaita shi a gaban majo tun farko.

Ku kuma haɗa kalanda kafin damina. Daga Yuli zuwa Oktoba ake bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, daidai lokacin da hatsi ke tsada tamowa ke ƙaruwa. Rabon gidan sauro da tallafin marayu su riga wannan zagayen, don haka ki nemi a yi zaman farko a watan Mayu.