Kwamfutata tana karanta CD amma ta ƙi DVD

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10. Idan na sa faifan CD na karatu tana kunna shi, amma idan DVD ne sai in ji yana juyawa, ya yi ƙara sau biyu ko uku, ya tsaya, kwamfutar kuma ta nuna kamar babu komai a ciki. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomat. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a yi mata fomat, domin tunda CD yana aiki, kwamfutar tana ganin na'urar faifan, kuma Windows ba ta da laifi. Matsalar tana cikin na'urar kanta.

A cikinta akwai hasken leza iri biyu: ɗaya na karanta CD, ɗaya kuma, wanda ja ne, na karanta DVD. Ramukan da aka rubuta bayanai da su a kan DVD sun fi ƙanƙanta da matsuwa, shi ya sa yake ɗaukar gigabait 4.7 alhali CD mai faɗi ɗaya da shi megabait 700 kawai yake ɗauka. Saboda haka, idan ƙura ta dushe idon na'urar, wato ɗan madubin da hasken ke bi ya kai ga faifan, ko lezar DVD ta raunana, DVD ne zai fara gagara. Ƙarar da kake ji kuwa ƙoƙarin da idon yake yi ne na daidaita kansa a kan faifan.

Ka fara gwada faifai biyu ko uku na asali, domin wanda aka kwafa a shago ba ya mayar da haske sosai. Idan duk sun ƙi, ka fito da tiren, ka kashe kwamfutar, za ka ga idon a kansa kamar ɗan ƙaramin dutsen ado mai sheƙi. Ka ɗan jiƙa tsinken auduga da sifirit na isopropyl, ka shafa shi a hankali ba tare da dannawa ba, domin a kan siraran wayoyi yake rataye, sannan ka bari ya bushe. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta jawo wannan matsala.

Idan bayan haka bai karanta ba, mai yiwuwa lezar DVD ce ta mutu. Wasu masu gyara sukan murza ɗan sukurun da ke ƙara mata ƙarfi, amma ban ba ka shawarar haka ba, domin yakan ƙarasa ƙona ta. Gara ka canza na'urar ɗungurungum. A yawancin kwamfutoci sukuru ɗaya ne ya riƙe ta, sai dai ka auna kaurinta kafin ka saya, ko milimita 9.5 ne ko 12.7. Idan ba ka samu daidai da taka ba, na'urar waje mai jonawa ta USB za ta yi maka aikin.